Gwajin Tagwaye da Anti Rabi Ta Bari

Ƙanshin gasasshiyar masara ne ya fara shigowa ta tagar mota, sannan wayata ta yi ƙara. Muna tsaye cik a cunkoson Nyanya, an yi yayyafi da asuba, kwalta tana tururi, direbobi suna ta danna hon kamar shi zai buɗe musu hanya. Mijin Anti Rabi ne ya kira. Bai ja magana ba: Allah ya yi mata rasuwa bayan sallar asuba, za a yi jana'iza kafin azahar. Na tuna "to" kawai na ce masa, kamar wadda aka aika kasuwa. Yau shekara biyar ke nan cif, kuma har yanzu idan mai masara ya miƙo hannu ta taga sai in kau da kai.

Na yi niyyar rubuta mata abu mai laushi a wannan shafi. Na so in yi maganar yadda take naɗa mayafi sau biyu idan sanyin ofis ya dame ta, da shayinta mai citta, da dariyarta da ba ta fitowa sai ta hanci. Amma na zauna rubutu raina a ɓace, da na duba kuma sai na ga irin wannan ɓacin ran ma a wurinta na gaje shi. Ku yi haƙuri da ni.

Ba 'yar'uwata ba ce ta jini. Ita ce shugabar sashenmu a wani ƙaramin kamfani a Garki, inda aka tura ni bautar ƙasa, inda kuma nake aiki har yau. Manhaja muke rubutawa, wadda ƙananan asibitoci ke yi wa jarirai rajista da ita, ita ce kuma ke tura wa uwa saƙo a waya idan ranar rigakafin ɗanta ta zo. Manhaja guntu-guntu ake gina ta. Wani guntun yana lissafa ranar allura ta gaba, wani yana duba ko lambar waya ta cika. Kowane guntu ana rubuta masa ɗan ƙaramin gwaji, yunit tes muke cewa a ofis. Ka yi wa guntun tambayar da ka riga ka san amsarta. Idan ya amsa daidai allo ya nuna kore, idan ya kuskure ya nuna ja. Shi ke nan. Abu ne mai sauƙin faɗa, amma a kansa Anti Rabi ta sa ni kuka a banɗakin ofis har sau biyu.

A makona na uku ta ba ni guntun lissafin ranar allura ta ce in rubuta masa gwaji. Na rubuta arba'in. Na kunna su, suka jeru kore shar kamar gonar shinkafa a tsakiyar damina, na tsaya ina kallonsu ina jin daɗi.

"Anti, zo ki gani, duk sun yi kore."

Ta jawo kujera da ƙafa, ta ajiye kofinta. Ba ta ko kalli gwaje-gwajen ba. Cikin guntun kansa ta shiga, inda aka ce a ƙara mako shida a kan ranar haihuwa, ta mayar da shi a rage mako shida. Wato a yi wa jariri allura tun yana cikin uwarsa. Ta sake kunnawa. Kore, duka arba'in ɗin.

"Nana," ta ce, "masu gadi na ce ki ajiye mini a ƙofa, kin je kin dasa mini furanni."

Gwaje-gwajena suna kiran guntun, suna ganin ya dawo da wata rana, suna tafa masa. Babu ɗaya da ya tambaya ko ranar daidai ce. Daga ranar ta kafa mini doka: duk gwajin da na rubuta sai na gan shi ya yi ja da idona kafin in yarda da korensa. Ko dai in rubuta shi kafin guntun ya wanzu, ko in lalata guntun da gangan in ga ko zai yi ihu. "Wanda ba ki taɓa jin muryarsa ba," in ji ta, "ta ina kika san ba barci yake ba?"

Sai kuma rigimar suna. Ni mai son waƙa ce tun ina sakandare, don haka nakan raɗa wa gwaje-gwajena sunaye irin su "wayewar gari" da "komawa gida". Ta karanta su da ƙarfi a gaban kowa, da muryar mai karanta labarai, har mai kawo mana abinci ta tsaya tana dariya. Ta ce sunan gwaji jimla ce guda, wadda mutumin da bai san ni ba zai karanta bayan shekara uku, yana cikin gaggawa, ya gane abin da ya karye ba tare da ya buɗe komai ba. Kuma kowane gwaji tambaya ɗaya zai yi. Idan na ga ina sa "da kuma" a cikin sunansa, to gwaji biyu ne suka shiga riga ɗaya, in raba su.

Na yi fushi kwana biyu. Da na huce na buɗe nata don in samo abin kushewa, sai na tarar da sunaye kamar haka: "jaririn da ba a raɗa wa suna ba tukuna ma ana yi masa rajista". Wani kuma: "uwar da ba ta da waya ba ta ɓacewa daga rajista". Wani: "wanda aka haifa ranar ƙarshe ta wata bai tsallake wata guda ba". Na daɗe ina kallon na farkon. Wanda ya fara tsara manhajar ya sa dole a cike gurbin suna, ya manta mu nan sai kwana bakwai ake suna, allurar farko kuma ba ta jiran rago. Anti ba ta ɓata lokaci a kan yaron da komai nasa ya tafi daidai. Gefe-gefe take bi, inda mutane ke zamewa su faɗi. Ban taɓa gaya mata ba, amma sunayen nan sun fi duk baitocin da na rubuta a shekarar.

Kuskurena mafi muni a Orozo ya faɗa. Na rubuta gwajin guntun da ke tura saƙo, na bar shi yana magana da intanet na gaske, na kuma ɗauko lambar waya daga rajistar gaske don in ga abin ya yi kama da gaske. Duk sanda na kunna shi, saƙo na fita. Ban sani ba sai da ma'aikaciyar jinya ta asibitin Orozo ta kira ofis tana faɗa. Wata mata ta taso daga rugarsu da ƙafa, da goyo a baya, cikin rana, don waya ta ce mata yau ne allura, alhali saura mako uku.

Anti ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga. Washegari ta sa ni a motarta har Orozo, ta sa ma'aikaciyar ta raka mu rugar, na durƙusa na ba matar haƙuri. Matar ta yi ta dariya, ta ce ai ta samu ta sayar da man shanu a hanya, ta cika mana ƙwarya da kindirmo. Ni kuwa kunya ta hana ni haɗiya. A hanyar dawowa Anti ta ce gwaji ba ya fita waje. Ba ya taɓa intanet, ba ya taɓa mutanen gaske, ba ya ma duba agogon bango. A ba shi wayar wasa da agogon wasa, a gaya masa yau wace rana ce, don abin da ya faɗa ranar Litinin ya maimaita shi ranar Juma'a. Kada kuma ya jingina da gwajin da ya gabace shi, kowa ya zo da tabarmarsa ya naɗe ta idan ya gama. Muna dab da Nyanya ta ce, "Kin lura waya ɗaya ce a duk rugar? Mata bakwai, lamba ɗaya. Ki riƙe wannan."

To, yau fa? Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta shigo ofishinmu da safiyar nan. An rataye babban allo a bango, yana nuna kashi nawa cikin ɗari na manhajar gwaji ya ratsa. Idan lambar ta hau a yi tafi. Babu mai tambaya ko gwajin ya ratsa ne idonsa a buɗe. Yanzu ga ƙirƙirarriyar basira, ka ce mata ta rubuta maka gwaji, kafin ka kurɓi shayi ta zubo ɗari. Ba na jin Anti za ta ƙi ta, mace ce mai son sabon kayan aiki. Amma na san abin da za ta yi: ta jawo kujera da ƙafa, ta mayar da ƙari ragi, ta zuba ido. Na gwada hakan a watan jiya a kan wani guntu. Cikin tarin gwaje-gwajen da aka zubo masa, biyu ne suka motsa. Sauran furanni ne, irin nawa na da, sai dai su an fi iya jera su. Na'urar ta karanta guntun ne ta rubuta gwajin da zai yarda da duk abin da guntun ya ce, har da kuskurensa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne alamar tsallake. Akwai kalma ɗaya da za ka ɗora a kan gwajin da ya yi ja, sai a riƙa wuce shi, allo ya koma kore, kowa ya tafi gida. Kullum da alkawarin za a dawo a gyara. Ba zan wanke kaina ba. Shekara guda bayan rasuwarta ni ma na ɗora ta a kan wani gwaji, ina sauri in kama motar Nyanya kafin layi ya yi tsawo. Sai bayan wata huɗu na tuna da shi, na buɗe ina jin kamar tana tsaye a bayana da kofinta.

Abin da ya sa na zauna rubutun nan raina a ɓace ya faru ne makonni biyu da suka wuce. Asibitoci sun daɗe suna kuka cewa yaro ɗaya yakan shiga rajista sau uku, don wannan ma'aikacin ya rubuta sunansa haka, wancan ya rubuta shi daban, uwa ta riƙa samun saƙo uku. Kukansu gaskiya ne. Aka rubuta sabon guntu mai share maimaici: idan ya ga lambar waya ɗaya, ranar haihuwa ɗaya, suna kuma ya yi kama, sai ya haɗe su ya mayar da su yaro ɗaya. Yana da sauri, yana da kyau, kowa ya yaba. Aka kunna gwaje-gwaje gaba ɗaya, duk suka yi kore sai ɗaya. Sunansa "tagwaye ba maimaici ba ne". Anti Rabi ce ta rubuta shi tun kafin in zo kamfanin. Layi shida ne kacal. Yara mata biyu, Hassana da Husaina, uwa ɗaya, waya ɗaya, ranar haihuwa ɗaya. A yi shara, sannan a ƙirga yara nawa suka rage. Gwajin yana jiran biyu. Sabon guntun ya ce ɗaya.

Ni ce yanzu mai sa hannu kafin sabon aiki ya fita, ranar Juma'a kuma aka yi alkawarin miƙa shi. Ranar Laraba Oga Bashir, manajanmu, ya tsaya a kaina. Mutumin kirki ne, amma idan wa'adi ya matso har tafiyarsa canzawa take.

"Nana, gwaji ɗaya ne fa. Ɗaya! Cikin ɗari nawa?"

"Shi kaɗai ne ya yi magana, Oga."

"Tsoho ne, tun zamanin marigayiya, Allah ya jiƙanta. Manhaja ta canza. Abeg, don Allah ki sa masa tsallake mu miƙa aiki, in ya so ranar Litinin ki zauna da shi ku yi ta hira har magariba."

"Litinin nawa muka yi wa irin wannan alkawarin?"

Ya dafe kai. "Wallahi Rabi ta bar mana ke ne don kada mu huta."

Ni ba mai iya musu ba ce. Idan aka ɗaga mini murya maganata guduwa take, sai na koma gida take dawowa. Don haka na juya kan kwamfutata. Na ɗauko kwafin rajistar Orozo da muke ajiyewa, na sakar masa sabon guntun, na buga sunayen duk yaran da ya haɗiye a takarda. Wasu maimaici ne na gaske, ya kyauta da ya share su. Amma ga Hassan da Husaini na wata ruga sun zama mutum ɗaya. Ga wasu Hassana da Husaina. Ga kuma yara biyu da ba ma tagwaye ba, matan wa da ƙane ne suka haihu rana ɗaya, waya ɗaya a gidan, aka sa wa yaran Muhammadu da Mahmudu. Da aikin ya fita haka, allura ɗaya za a rubuta wa kowane biyu, saƙo ɗaya za a tura, rajista kuma ta nuna an gama da su. Babu ƙararrawar da za ta buga. Allo zai kasance kore.

Na ajiye takardar a teburin Oga Bashir na koma wurina. Ina hango shi ta gilashi yana bin sunayen da biro. Can ya leƙo.

"Kwana nawa kike so?"

"Uku."

"Biyu. Kuma ke za ki rubuta mini abin da zan gaya wa asibitocin, tunda ke ce mawaƙiya."

Aka ɗaga miƙa aikin zuwa mako na gaba. Muka gyara guntun: idan yana shakka ba ya haɗe kowa, sai ya ɗaga tuta ma'aikaciyar jinya ta duba da idonta. Na rubuta wa yaran matan wa da ƙane nasu gwajin, na gan shi ya yi ja, sannan na bar shi ya yi kore. Kada ku ɗauka an shiryu. Washegari wani abokin aikina ya tambaye ni, da zuciya ɗaya, ko za mu goge tsofaffin gwaje-gwajen nan gaba ɗaya mu sa na'ura ta rubuta sababbi masu tsabta. Na tashi na fita baranda na kalli duwatsu na minti biyar.

Idan na auna abin da ya rage na Anti Rabi a wurin nan, ba shi da yawa a ido. Kujerarta ta karye an fitar da ita. Sababbin ma'aikata ba su san fuskarta ba. Guntayen da ta rubuta da hannunta kusan duk an sauya su, wasu ni ce ma na sauya. Gwaje-gwajenta ne suka ƙi tafiya, kuma na gane dalili. Ba ta taɓa tambayar guntu ta wace hanya ya bi ba, abin da ya kamata ya fito kawai take tambaya. Shi ya sa ko an rushe ɗakin an sake gini, tambayarta tana nan daram a bakin ƙofa. Kowace safiya idan na kunna su, cikin daƙiƙa kaɗan suke gamawa, don ta ce gwajin da ke sa mutum jira ba a daɗewa ake daina kunna shi. A 'yan daƙiƙun nan nakan ji kamar ta zagaya ofis ta duba aikin kowa. Allah ya jiƙanta, ya haskaka kabarinta, ya yafe mini duk tsakin da na yi mata a zuci.

Ranar Asabar da ta wuce 'yarta ta zo gidanmu da hantsi. Mimi muke ce mata, tana da shekara goma sha biyu lokacin rasuwar, yanzu ta gama sakandare, ta zo in taya ta cike takardar neman jami'a a kwamfutata. Na ce ta faɗo cikakken sunanta. Ta ce Hassana. Na ɗago na dube ta, shekarun nan duka ban taɓa jin wani ya kira ta da shi ba. Na ce ranar haihuwa fa? Ta fara faɗa, yatsuna suka ƙarasa kafin ta rufe baki. Na san ranar. Mako biyu na yi ina kallonta a cikin layi shidan nan.

"Mimi, ke 'yan biyu ce?"

"Au, Mama ba ta taɓa gaya miki ba, Anti Nana? Mu biyu ne. Husaina ba ta kai shekara biyu ba, ƙyanda ce."

Ta faɗe shi a sauƙaƙe, kamar labarin da aka ba ta, don ita ba ta tuna komai. Lokacin Anti ta koma jami'a ƙarasa karatu, ta bar su wurin kakarsu a ƙauye. Mai rajistar asibitin garin ya ga suna biyu masu kama a jere, uwa ɗaya, rana ɗaya, ya ɗauka hannunsa ne ya maimaita, ya ja layi a kan ɗaya. Da masu rigakafi suka zo da littafinsu, suna ɗaya suka kira. Kaka ta ce ai su biyu ne, suka ce za su dawo. Mimi ta ce Mamanta ba ta taɓa ɗora wa kowa laifi ba, takan ce kwana ne ya ƙare.

Na yarda kwana ne ya ƙare. Muka gama cike takardar, na raka ta bakin titi ta hau mota. Ranar Litinin na riga kowa zuwa ofis, na buɗe gwajin na sake karanta shi a hankali. Shekara huɗu na zauna kusa da matar nan, ta koya mini kada in taɓa sa mutanen gaske a cikin gwaji, har Orozo ta kai ni a kan haka. Ashe sau ɗaya ta karya dokarta. Lambar wayar ta wasa ce, sunan uwar ma na wasa ne, amma yaran nata ne. Kowace safiya gwajin yana ƙirga su, kuma ba ya karɓar wata amsa sai biyu.